A Garin Hiron Mai Dabaru: Tafiyata Iskandariyya

Jinya ce ta fitar da ni daga Kano, ba yawon buɗe ido ba. Gwiwa ta matsa wa Yayana har ta kai sallah ma sai a kujera, likitoci suka ce sai an yi aiki, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka ce ni zan raka shi Masar tunda makarantar da nake koyarwa tana hutu. Amma tun ranar da biza ta fito na ƙudurta a raina cewa in aikin ya yi kyau, sai na taka Iskandariyya kafin mu juyo. Na daɗe ina koyar da darasin injuna, kuma babu ajin da ya bi ta hannuna ban zana masa ƙwallon tururin Hiron, tsohon injiniyan nan Bagirke na Iskandariyya, a allo ba. Mutum ya shekara da shekaru yana ambaton garin wani, ga shi an kawo shi har bakin ƙofa, ai bai kamata ya koma bai leƙa ba.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano akwai jirgin da ke zuwa Alƙahira kai tsaye, cike da marasa lafiya da masu rakiya da ɗalibai da 'yan kasuwa. Mai niyya ya ajiye katin allurar shawara kusa, kada ya cusa shi ƙasan akwati, don ana tambaya. Zaman asibiti ba abin ba da labari ba ne. An yi aiki, Allah ya sa an dace. Da Yaya ya fara takawa da sanda sai na bar shi da ɗansa, na kira ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Azhar na ce ya shirya ya zama bakina. Ustaz nake ce masa don tsokana. Larabcin titi ya zauna masa a baki, in yana ciniki sai ka dubi fuskarsa kafin ka yarda Bakano ne.

A tashar jirgin ƙasa ta Ramsis sai an tura jaka cikin na'urar bincike kafin a shiga. A nan na fara karo da tsarin farashi biyu, wanda ya bi ni har na bar ƙasar: a jirgi, a gidan tarihi, a kango, kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo ya ninka sau da yawa. A lokacin dala ɗaya tana kusan fam 50, fam ɗaya kuma wajen naira 30, saboda haka duk abin da aka faɗa sai in ninka da 30 a zuci, gabana ya faɗi ko ya kwanta.

Tafiyar kilomita 200 da 'yan kai ce, ta Banha da Tanta da Damanhur, ba ta kai awa 3 ba. Tun da muka bar Alƙahira idona bai sauka a kan busasshiyar ƙasa ba. Kore ne shar har iyakar gani, alkama da kabeji da ciyawar dabbobi, magudanan ruwa sun ratsa ko'ina, gidajen jan bulo da rodi a tsaitsaye a samansu suna jiran ƙarin hawa. Ba damina ke ba su wannan ba, Nilu ne. A bakin kowace magudana da ƙaramin injin ban-ruwa yana tofar da hayaƙi, irin dai wanda manoman Kura da Kadawa ke ɗaurawa a bayan babur. Na yi ta baza ido ko zan ga famfon da ake kira da sunan masanin Girka Arkimidis, wannan mai kama da ƙaton sukuru a cikin bututu da ake juyawa da hannu, wanda manoman nan suka yi ƙarnoni suna jan ruwa da shi. Har muka isa ban ga ko ɗaya ba. Dizal ya kore shi kamar yadda ya kori jigo a fadamunmu.

Hunturu muka tarar, kuma sanyin Iskandariyya ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, ya fasa maka leɓe da diddige, rana ta fito ya sake ka. Nasu jiƙaƙƙe ne, iska daga teku da ruwan sama mai zuwa a karkace, ya bi ta wuyan riga ya zauna a ƙashi. Mutanen garin nawwa suke kiran irin wannan guguwa, kowace da sunanta da lokacinta, masunta sun haddace su tsaf. Kafin mu sami tasi haƙorana sun fara kaɗawa. Tasin garin baƙi da rawaya ne. Direban ya dube ni ta madubi ya ce, “Sudan?” Na ce Najeriya. Sai ya daki sitiyari ya ce, “Amunike!” Dattijo ne, bai manta lokacin da Emmanuel Amunike ya buga wa Zamalek a farkon shekarun 1990 ba. Ƙaunar Amunike dai ba ta hana shi neman ninkin kuɗin mota ba, sai da Ustaz ya buɗe masa wuta da irin harshensu.

Masaukinmu a saman wani tsohon bene yake kusa da tashar tarago ta Mahattat Raml, fam 900 kwana ɗaya har da karin safe na wake da burodi. Sun karɓi fasfo sun ɗauki hotonsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lif ɗin benen. Keji ne na katako da gilashi mai ƙofa biyu, sai ka rufe duka da hannunka kafin ya motsa, kana ciki kana ganin ƙarfen nauyin yana saukowa ta gefenka yayin da kai kake hawa. Yana tashi sai wata murya ta ɓarke daga sama da addu'ar hawa abin hawa. Na yi dariya. Da na ɗaga kai na ga igiyoyin da shekarunsu, sai na bi muryar muka ƙarasa addu'ar tare. Da dare muka ci abin da garin ya yi suna a kai, hanta yankakkiya siriri da aka soya da tafarnuwa da koren barkono mai zafi, a cusa a dogon burodi a matsa lemun tsami, fam 20 ɗaya. Ba zan ce ta fi tsire ba, amma a wannan sanyi na ci har na ƙara.

Da safe muka fara da Kom el-Dikka, taku kaɗan daga babbar tashar jirgi. Rami ne makeke a tsakiyar gari, sai ka gangara, domin tsohuwar Iskandariyya tana kwance mita da yawa a ƙarƙashin ta yanzu. Tun 1960 masu tonon tarihi na ƙasar Poland suke aiki a wurin. Baƙi ɗan gidan kallon Rumawa mai layuka 13 na farin dutse suke rububin ɗauka a hoto, ni kuwa ɗakunan da ke jere a gefensa na nufa. Azuzuwa ne, wajen 20, benci na dutse hawa-hawa ya kewaye bango, kujerar malami a ɗage a can ƙurya. An gina su ne shekara 400 ko fiye bayan Hiron, amma su ne mafi kusa da ajinsa da ido zai iya gani a yau. Cibiyar ilimin da sarakunan gidan Batlamiyus, Girkawan da suka mulki Masar, suka kafa, da babban ɗakin karatunta, ba a san ko dutse ɗaya da za a nuna a ce nata ne ba. Hiron ba shi da kabari a garin, ba shi da gida. Hoton mai gemun nan da ke yawo a intanet da sunansa, a Jamus aka zana shi a ƙarni na 17. Hatta zamanin da ya rayu sai da masana suka daɗe suna ja-in-ja, wasu suka kai shi shekara 150 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu suka dawo da shi 250 bayanta. Husufin wata ne ya sassauta gardamar. A littafinsa na awon ƙasa ya kawo misalin yadda za a gane nisan Iskandariyya da Rum ta hanyar duban husufi ɗaya daga garuruwan biyu, sai wani masanin tarihin kimiyya, Otto Neugebauer, ya yi lissafi a 1938 ya ga bayanin ya dace da husufin 13 ga Maris na shekara ta 62 miladiyya. A kan wannan mafi yawa suka tsaya.

Daga nan muka hau ƙaramar bas, wadda su ke kira mashru'u, ta bi bakin teku zuwa sabon ɗakin karatu, Bibliotheca Alexandrina, da aka buɗe a 2002. Gini ne kamar faifan da aka jingina yana kallon teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙe shi da haruffan rubuce-rubucen duniya wajen 120, ciki kuwa zauren karatu ne hawa-hawa da aka yi wa wurin littafi miliyan 8. Ɗalibai maƙil, shiru kamar ba kowa. A farfajiya muka ci karo da wani malami da ayarin 'yan firamare, ya ɗaga waya yana nuna musu hoton ƙwallon tururin Hiron, wanda na sani ko a mafarki. Ustaz ya raɗa mini abin da yake cewa: a nan garin aka ƙirƙiro injin tururi, shekara 1,700 kafin Ingila, da an bi ta kansa da tuni Rumawa sun hau jirgin ƙasa.

Wannan magana ita ce ke ɗauke da sunan Hiron a duniya, kuma ita ce mafi rauni a duk abin da ake faɗa a kansa. Ga yadda abin yake. Tukunya ce rufaffiya a kan wuta, an rataye ƙwallon ƙarfe a samanta ta gefe biyu yadda zai iya juyawa. Tururi ya bi bututu ya shiga ƙwallon, ya fita ta wasu 'yan bututu biyu masu lanƙwasa da ke kallon saɓanin juna, sai ƙwallo ya kama juyi. Mun taɓa haɗa shi da ɗalibaina da gwangwanin madara da guntun bututun tsohon firiji. Yana juyi yana fito kamar zai tashi sama, amma ka taɓa shi da tsinken tsintsiya sai ya tsaya cak. Gudu gare shi, ba ƙarfi. Injin da ya fara aiki na gaske, wanda Thomas Newcomen ya kafa a 1712 don zuƙe ruwa daga ramin kwal, da fistin da silinda yake aiki, ba jikan ƙwallon nan ba ne. James Watt ma, da ya yi rajistar gyaransa a 1769, sai da aka sami injin da ke huda silindar ƙarfe daidai wa daida kafin nasa ya tsaya da ƙafarsa. Babu irin wannan ƙira a zamanin Rumawa, babu tukunyar da za ta jure matsin. Shi kansa Hiron bai ce injin aiki ya yi ba. 'Yan layuka ya ba abin a cikin dabaru kusan 80 da ke littafinsa na iska da ruwa, ya wuce. Na sa Ustaz ya gaya wa malamin haka cikin ladabi. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, “Babban injiniya, yara ne. Bar su su yi alfahari tukuna, lissafi ya zo daga baya.” Ban yarda da shi ba, amma ban iya musa masa a gaban ɗalibansa ba.

Muka sami wuri a zauren, na buɗe littattafan da na tara a waya ina nuna wa Ustaz. Ga ƙofar ɗakin bauta mai buɗe kanta: a hura wuta a kan bagadi, iskar da ke cikinsa ta yi zafi ta kumbura, ta tura ruwa daga wata tukunya zuwa bokitin da ke rataye a ɓoye, bokiti ya yi nauyi ya sauka, ya ja igiyoyin da aka naɗe a ƙafar ƙofa. Wuta ta mutu, ruwa ya koma, ƙofa ta rufe. Ga tulun da sai ka jefa tsabar dirhami 5 zai ba ka ruwan tsarki: kuɗin ya faɗa kan ɗan faranti, nauyinsa ya ɗaga murfin bututu, ruwa ya zubo, kuɗin ya zame, murfi ya koma. Ustaz ya ɓata fuska ya ce, “Kawu, wannan ai ɗan damfara ne. Taya masu gumaka yake yi su ci kuɗin talakawa.” Na ce masa ba zan rantse a kan niyyar mutum ba. Amma wanda zai yi damfara ba ya rubuta sirrinta dalla-dalla ya raba wa ɗalibai. Kowace dabara a littafin darasi ce: iska jiki ce mai cin wuri, zafi na kumbura ta, ruwa na iya hawa kafin ya sauka in an zuƙe iskar da ke gabansa, abin da duk wanda ya taɓa zuƙo fetur daga tanki da tiyo ya sani da bakinsa. Kuma tun a gabatarwa ya faɗa cewa abin da magabata suka bari yake tsarawa, sannan ya ƙara nasa. Famfon kashe gobara da ya siffanta, mai silinda biyu na tagulla da bawul da baki mai juyawa duk inda wuta take, asalinsa na Kitisibiyus ne, ɗan wani wanzami na wannan gari da ya riga shi da shekara 300. Wannan kuwa ba wasa ba ne, an tono irinsa a wata mahaƙar ma'adinai ta Rumawa a Sifaniya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne keken wasan kwaikwayonsa mai tuƙa kansa, ya shigo fili, ya tsaya, 'yan tsana su yi rawa, ya juya ya koma. Man da yake sha gero ne. Ana cika dogon akwati da gero ko ƙwayar mustad, a ɗora dalma mai nauyi a kai, a buɗe 'yar ƙofa a ƙasa. Gero na tsiyaya, dalma na sauka a hankali, tana jan igiyar da aka naɗe a sandar tayoyi. Inda aka kafa ƙusa aka juya naɗin, nan keken zai ja da baya. Inda aka bar igiya sako-sako, nan zai tsaya ya jira. Duk tafiyar a naɗin igiya aka rubuta ta.

Sai muka zo kan littafin da ya sa na ɗauko ɗalibin Azhar ba wani ba. Babban aikin Hiron a kan ɗaga kaya masu nauyi ya ɓace a harshen Girkanci, sai 'yan gutsattsari. Da Larabci ya tsira. Ƙusɗa bin Luƙa, wani Kirista mutumin Ba'albak, shi ya fassara shi a ƙarni na 9 zamanin Abbasiyawa. Na miƙa wa Ustaz wayar, yana karantawa a hankali yana tuntuɓe da kalmomin maƙera, ni ina zanawa a bayan tikitin shiga. Abubuwa biyar ya ce duk wani ɗaga nauyi a kansu yake: sandar da ake tokarawa a ɓanɓaro dutse, gargaren da igiya ke bi ta kansa, wanda makanikai ke kira fuli, sandar naɗe igiya mai hannun juyawa, weji, da sukuru. Ya kawo akwatin giya, haƙori na cin haƙori, inda ƙarfin da bai wuce awo 5 ba zai motsa nauyin awo 1,000. Bai ɓoye farashin ba: gwargwadon sauƙin da ka samu a ƙarfi, gwargwadon jinkirin da za ka biya a lokaci. Duk wanda ya taɓa fitar da inji daga mota da cen-bulok, ya ja sarƙa ya ja ya ja kafin injin ya ɗaga taƙi ɗaya, ya san wannan magana. Ya bi da injin ɗaga dutse mai ƙafa ɗaya, da mai biyu, har mai huɗu, da matsar man zaitun, har da yadda ake yanka zaren sukuru a cikin rami. Rubutu ne na wanda ya tsaya kusa da masu aiki.

A nan na ke ganin dalilin da sunansa ya karkata. A 1575 aka buga littafin iska da ruwa da Latin a Italiya, fassarar Federico Commandino, masu kuɗin Turai suka rungume shi, suka cika lambunansu da maɓuɓɓugai da tsuntsayen tagulla masu kuka su yi shiru in mujiya ta juyo, irin wanda aka riga aka yi a garin Tivoli na Italiya. Littafin ɗaga nauyi kuwa yana kwance da Larabci, sai a 1893 wani masani Bafaranshe, Carra de Vaux, ya buga shi da fassarar Faransanci. Shekara 300 da ɗoriya Turai ta san shi a matsayin mai kayan wasa kafin ta karanta shi a matsayin injiniya. A ɓangaren Musulmi kuwa gadon bai yanke ba: 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun rubuta littafin dabaru wajen 100 a Bagadaza a ƙarni na 9, al-Jazari ya kammala nasa a 1206. Ustaz ya ce shekarunsa a Masar bai taɓa jin sunan ɗayansu a aji ba. Na ce nima a makarantar koyon injiniya ban ji ba.

Washegari Ustaz ya ce yau ranarsa ce. Muka hau tsohon taragon cikin gari, mai tafiyar hawainiya, muka yi azahar a masallacin Abul Abbas al-Mursi, muka tsallaka gefe muka ziyarci Imam Busiri mai Burda. Baitocin da muke ji tun muna yara a daren Mauludi, ga su a rubuce a bango. A nan ne na ga idon yaron ya kawo ruwa.

Muka ci soyayyen kifi da jar shinkafa a unguwar Bahari, inda kai za ka zaɓi kifinka a kan ƙanƙara a auna maka, sannan muka bi bakin ruwa ta Anfushi, wurin masu ƙera jiragen katako. Na tarar ana jawo wani jirgin kamun kifi tudu don gyara. Sun shimfiɗa katakai sun shafe su da baƙin mai, waya ta bi ta fuli biyu zuwa wani tsohon injin naɗi, wani yaro na bin jirgin da weji da guduma, duk inda aka tsaya ya cusa ya buga. Mai wurin dattijo ne, hular ulu a ka, sigari a gefen baki, ba ya ɗaga murya, da yatsa biyu yake ba da umarni. Na sa Ustaz ya gaishe shi da “ya usɗa”, yadda suke kiran gwanin sana'a, ya tambaye shi ko ya san wani injiniya Bagirke na garin nan mai suna Hiron. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya tambaya a wace unguwa garejinsa yake. Ya ce Girkawa ai da su aka yi garin nan, mahaifinsa ma a hannun wani Bagirke ya koyi gyaran injin jirgi, kafin su watse zamanin Abdul Nasir. Gaskiyarsa ne, Iskandariyya ta riƙe dubban Girkawa har shekarun 1950 da 1960. Da Ustaz ya ce masa wannan ya rasu kusan shekara 2,000, sai ya cire sigarin ya ce, “To Allah ya sa ya biya ma'aikatansa,” ya juya ga jirginsa.

Ganuwar Ƙaitbai tana ƙarshen wannan hanya, Sarki Ƙaitbai ya fara gina ta a 1477 a daidai inda hasumiyar fitilar Iskandariyya ta tsaya. Hasumiyar ta haura mita 100, kuma Hiron ya rayu yana ganinta kullum, don ta riga shi da shekara 300. Girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka gama da ita. Matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa ya zo a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Manyan duwatsunta na kwance a ƙarƙashin ruwa a gefen ganuwar, masu nutso sun ƙidaya su tun 1994, wasu nauyinsu tan gommai. Da igiya da katako da abubuwa biyar ɗin nan aka ɗaga su. Ban daɗe a sama ba, igiyar ruwa na dukan tubalan kankaren da aka jibge don kare ginin, feshin gishiri na shiga ido.

Ruwa ya kore mu cikin wani gidan shayi a titin Nabi Daniyal, kusa da masu sayar da tsofaffin littattafai. Dattawa na buga domino, hayaƙin shisha ya turnuƙe. Don in rage lokaci na tambayi Ustaz, tunda suna karanta rabon gado, in gona ta zo a karkace ba murabba'i ba, yaya za su san girmanta kafin su ba kowa rabonsa? Ya ce wannan aikin masu awo ne. Na jawo takardar goge hannu. Ka yanka gonar zuwa kusurwa uku-uku, ka auna gefen kowace da igiya. A ce 7 da 8 da 9, misalin da Hiron kansa ya kawo. Ka haɗa, 24, ka raba biyu, 12. Ka cire kowane gefe daga 12, ka sami 5 da 4 da 3. Ka ninka 12 da su duka, 720. Lambar da za ta ninka kanta ta ba da 720, ita ce girman filin. Ba ta fita cif, sai ya nuna hanya: ɗauki 27, tunda 27 sau 27 ya ba da 729, raba 720 da ita ka sami 26 da biyu bisa uku, ka ɗauki tsakiyarsu, 26 da biyar bisa shida. In kana son ƙarin daidaito ka maimaita. Ba ka buƙatar auna kusurwa. Littafin da wannan ke ciki ya ɓace ƙarnoni, sai a 1896 aka gano kwafinsa a Istanbul. Masanin nan Musulmi al-Biruni ya ce asalin dabarar ta Arkimidis ce, amma har yau da sunan Hiron yaranmu ke haddace ta don jarrabawar WAEC. Ustaz ya karɓi biro ya gwada da wasu lambobi, ya sake gwadawa, sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu. Shayi biyu fam 30.

Komawa ta hanyar hamada muka yi, a ƙaramar bas daga tashar Muharram Bek, don kuɗinta bai kai rabin na jirgi ba kuma babu farashin baƙo. Sai ta cika take tashi, kuɗin mota kuma daga baya ake miƙo shi hannu-hannu har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi ba a rasa ko fam ɗaya ba. Titi ne mai faɗi, layi-layi, babu rami, direban kuwa ya ɗauka gadon gidansu ne. Muka wuce mahaɗar Wadi Natrun, kwarin da mutanen Fir'auna ke ɗibar kanwar da suke busar da gawa da ita. Kusa da Alƙahira aka tsayar da mu a shingen 'yan sanda. Jami'i ya leƙo ya karɓi katin kowa, da ya zo kanmu ya riƙe fasfona da takardar zaman Ustaz ya tafi da su wata rumfa. Hannuna ya riga ya nufi aljihu bisa sabon hanyoyinmu, Ustaz ya danne shi ya ce, “Kawu, kul. Nan ba a yi a fili, kuma ba a yi da baƙo.” Muka zauna, fasinjoji na duban agogo suna dubanmu, wata tsohuwa ta miƙo mini lemo ta ce in yi haƙuri. Can jami'in ya dawo ya tambayi abin da ya kai mai bizar jinya Iskandariyya. Ustaz ya ce ziyarar Busiri. Ya gyaɗa kai, ya miƙo takardun, ya daki jikin motar. Sai bayan isha muka shiga gari, cunkoson Giza kaɗai ya ci mana fiye da awa ɗaya.